Yadda Ake Gane Ginin Jimlar Ingilishi a Cikin Hausa da Yadda Ake Gyara Shi

Idan ana maganar shigar Ingilishi cikin Hausa, hankalin mutane yakan tafi ga kalmomin aro, irin su mota da tebur da likita da asibiti, har wasu su dage lallai sai an kore su. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Kalmar aro idan ta shigo takan rusuna ta bi dokar gida: mota ta zama tamata, jam'inta ya zama motoci, likita ya zama likitoci, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana faɗinsu ba tare da harshenta ya sarƙe ba. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne jimlar da kowace kalma a cikinta Hausa ce, amma tsarin da aka jera kalmomin a kai na Ingilishi ne. Yadin na gida ne, ɗinkin ne na waje, shi ya sa rigar ba ta zauna a jiki. Irin wannan jimla ta fi wuyar ganewa, domin babu baƙuwar kalma da za a nuna da yatsa, sai dai mai sauraro ya ji maganar ta yi masa nauyi bai san dalili ba.

Mu mutanen Zariya muna da hakki na musamman a kan wannan batu. A garin nan Hukumar Fassara ta zauna tun farkon shekarun 1930 ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, a nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Yawancin abin da ake kira rubutacciyar Hausar boko a nan ya yi rarrafe ya miƙe. A garin nan dai aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga Kwalejin Barewa, ga sauran manyan makarantu daga Kongo zuwa Samaru, inda dubban matasa ke wuni suna karatu da rubutu da tunani da Ingilishi, su koma gida da yamma su yi Hausa. Wanda ya yi shekara goma sha shida ana horar da hannunsa a kan jimlar Ingilishi, ba a taɓa horar da shi a kan jimlar Hausa ba, dole ne idan ya ɗauki alƙalami tsohon horon ya rinjaye shi. Wannan ba laifi ba ne, sabo ne, kuma ana iya sauya shi ta hanyar da za a bi daki-daki.

Matakin farko shi ne a samo rubutu na gaske a yi aiki a kansa, ko sanarwar ƙungiya ce, ko wasiƙa, ko labarin da aka shirya sawa a Facebook. A buga shi a takarda idan da hali, domin ido ya fi kama kuskure a takarda. Sai a karanta shi da murya, a ƙaddara ana karanta wa wani dattijo ne a zaure a Kwarbai ko Babban Dodo, wanda Hausa da Larabci kaɗai ya sani. Duk inda mai karatu ya ji da baki ba haka zai faɗa wa dattijon ba, ya ja layi a wurin, ko da bai gano abin da ya ɓaci ba tukuna. Bayan haka a sake bi da biro a kewaye waɗannan kalmomi duk inda suka fito: ta hannun, kasance, cewa, wani, don, zuwa, tare da, wanda, kuma, yana da, sosai. Dukkansu Hausa ce tsantsa, kowace da wurinta, amma a bayansu tsarin Ingilishi ya fi laɓewa, saboda su ake ɗauka a cike gurbin ƙananan kalmomin Ingilishi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu shi ne a tambayi kowace jimla: wa ya yi aikin? Ingilishi yana da hanyar da yake sa wanda aka yi wa aiki a gaba, ya ture wanda ya yi aikin zuwa ƙarshen jimla, kuma rubutun ofis da na jarida sun cika da ita. Daga nan muka samu jimloli irin su "An kama ɓarawon ta hannun 'yan banga" da "Littafin an rubuta shi daga wani malami". Hausa ba ta gina magana haka. Idan an san mai aikin, shi ake sawa a gaba: "'Yan banga sun kama ɓarawon." Idan ana son a nuna su ne ba wasu ba, sai a ce "'Yan banga ne suka kama ɓarawon." Idan ba a san shi ba, ko ba a son ambatonsa, sai a yi amfani da an, a tsaya nan: "An kama ɓarawon." Ba a haɗa an da sunan mai aikin a jimla guda, domin amfanin an shi ne a rufe sunan. Sai dai a lura, ta hannun tana da wurinta na halal, wato inda ake nufin ɗan aike ko mai shiga tsakani. "An aika kuɗin ta hannun direba" Hausa ce mai kyau, domin ba direban ne ya aika ba, shi aka ba ya kai. Gwajin da za a yi ke nan: idan wanda ke bayan ta hannun shi ne ainihin mai aikin, a dawo da shi gaba.

Mataki na uku ya shafi kasance, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin babu kalmar da aka ɗora wa nauyin da ba nata ba kamar ita. Ingilishi ba ya iya cewa wane malami ne sai da aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki ko hali, kuma aikataun nan dole ya nuna ko yanzu ne ko da. Hausa tana da dirka, wato ne da ce, ba ta buƙatar aikatau a wurin. Mai rubutun da ya saba da Ingilishi yakan ji kamar jimlar ba ta cika ba, sai ya rubuta "Mahaifinsa ya kasance manomi" a inda Bahaushe zai ce "Mahaifinsa manomi ne". Idan ana son a nuna abin ya wuce, kalma ɗaya ta wadatar: "Da mahaifinsa manomi ne." Haka kuma ake samun "Ya kasance yana karatu lokacin da na shigo", alhali maganar ita ce "Na shigo yana karatu", ko "Yana cikin karatu na shigo".

Tushen abin shi ne harsunan biyu ba su kallon lokaci ta fuska ɗaya. Ingilishi yana tilasta wa kowane aikatau ya nuna matsayinsa daga lokacin da ake magana. Hausa ta fi damuwa da yanayin aikin: ya kammala, ko ana cikinsa, ko ana sa ransa, ko an saba yin sa. Da zarar an kafa lokacin labari da kalma irin su jiya ko bara ko da, sauran jimlolin suna tafiya a ƙarƙashinta ba tare da an sake nanatawa ba. "Bara war haka muna Kaduna" ta cika, ba a neman "mun kasance". Saboda haka ne ma maganar da aka ruwaito ba ta sauya siffa a Hausa. Wanda ya ce zai zo, ko shekara goma ta wuce, cewa za a yi "Ya ce zai zo". A nan kuma a duba kalmar "cewa": bayan aikatau "ce" ba a buƙatarta ko kaɗan, "ya ce cewa" maimaici ne da ke kartar kunne, kuma ko bayan sani da ji da gani sau da yawa jimlar ta fi sauƙi idan an cire ta, kamar "Na san zai zo". Wurin da kasance ta dace shi ne inda ake umarni ko fata ko sharaɗi, kamar "Ka kasance mai riƙon amana" ko "Idan ya kasance babu ruwa, a ɗage aikin".

Akwai wani abu da ke tafiya tare da wannan, wanda masu ba da labari a rubuce suke yawan tuntuɓe a kansa. Hausa tana da siffa biyu ta aikin da ya kammala, sun da suka, mun da muka, an da aka. Idan ana jero abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, siffa ta biyu ake bi: "Suka iso tasha, suka sauke kaya, suka nemi mai a-daidaita-sahu." Ingilishi siffa ɗaya yake da ita a nan, shi ya sa ake ganin labari tun daga farko har ƙarshe da "sun iso, sun sauke, sun nema", sai ya zama kamar rahoton abubuwa a warwatse, zaren da ke ɗinke su ya tsinke. Haka abin yake wajen ƙarfafa magana. Bature yana ɗaga murya a kan kalmar da yake son ƙarfafawa, ya bar ta a inda take. Bahaushe ɗauko ta yake yi ya kawo gaba, aikatau kuma ya sauya: "Jiya suka zo", "Audu muka gani", "A Ƙofar Doka aka tare su". Mai gyara ya tambayi kansa a kowace jimla wace kalma ce sabon labari, in ta cancanci gaba ya kawo ta gaba.

Mataki na huɗu gajere ne. Ingilishi yana sa wata ƙaramar kalma gaban kusan kowane suna, ɗaya don abin da ba a sani ba, ɗaya don sananne. Hausa ba ta da wannan tilas. Wani da wata aikinsu shi ne gabatar da takamaiman abu da za a ci gaba da magana a kansa, kamar "Wani mutum ya zo nemanka". Idan aka ce "Audu wani malami ne", an sauya ma'ana, domin mai sauraro zai jira a faɗa masa wane irin malami. Haka ɗafa -n ko -r ko ɗin a ƙarshen suna yana nufin abin da aka riga aka ambata. "Rana tana fitowa daga gabas" ake cewa, ba "ranar" ba, sai fa in wata rana ake nufi da aka yi zancenta.

Mataki na biyar shi ne bin ƙananan kalmomin da ke nuna dangantaka, wato "don" da "zuwa" da "tare da" da "a kan". Ingilishi yana da kalma guda da yake amfani da ita wajen dalili da tsawon lokaci da wanda aka yi wa abu da abin da ake godiya a kai, sai masu rubutu suka ɗora duka a kan don. A Hausa kowanne da hanyarsa. Wanda aka yi wa abu, wa ko ma ake sa masa dab da aikatau: "Na saya wa Binta littafi", "Na saya maka", ba "na sayi littafi don kai" ba, wadda ke nufin saboda kai na saya, wataƙila ma ba kai zan ba ba. Tsawon lokaci da aikatau "yi" ake faɗinsa: "Na yi awa biyu ina jira", ba "na jira don awa biyu" ba. Godiya da kalmar "da" take tafiya: "Na gode da ziyara." Aikatau na tafiya ba ya neman zuwa kafin sunan wuri: "Ya tafi kasuwa", "Ta koma Samaru". Ana kawo zuwa ne idan ana auna tsakanin wuri biyu, kamar daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. Kayan aiki kalmar "da" ake sa masa, "Ya yanka da wuƙa", domin tare da tana nufin rakiya, kuma wuƙa ba ta raka kowa. Ita kuwa a kan, sau da yawa cire ta kawai ake yi: "tattauna matsalar" ta fi "tattauna a kan matsalar", "maganar kuɗi" ta fi "magana a kan kuɗi".

Mataki na shida ya shafi haɗa abubuwa. A Ingilishi kalma ɗaya ce ke haɗa suna da suna, ta kuma haɗa jimla da jimla, kuma idan ana lissafi sai a jera waƙafi a kawo ta sau ɗaya a ƙarshe. A Hausa kalmar "da" tana haɗa sunaye ne kawai, kuma ana maimaita ta tsakanin kowane biyu, har akan fara da ita: "da shinkafa da wake da manja". Rubuta "shinkafa, wake, da manja" kwaikwayo ne da ya zama ruwan dare a takardun biki da na makaranta. Ayyukan da ke bin juna kuwa jera su ake yi ba mahaɗi: "Ya shigo ya zauna ya yi gaisuwa." Idan aka cusa kuma tsakanin kowane biyu, tafiyar maganar ta lalace. Kalmar "kuma" tana da ma'anar ƙari ko juyawa ga wani, shi ya sa ta fi daɗi bayan kalmar farko: "Musa ya tafi gona, Audu kuma ya tafi kasuwa."

A nan ne kuma za a duba wanda. A Hausa tana komawa ne ga suna, tana kuma bin jinsinsa da adadinsa: yaron wanda, yarinyar wadda, mutanen waɗanda, ko a taƙaice yaron da, yarinyar da, mutanen da. Ingilishi yana da hanyar da yake sa irin wannan kalma ta koma ga jimla sukutum, daga nan aka samu "Ruwa ya yi yawa bana, wanda ya sa hanyoyi suka lalace". Babu sunan da wanda take komawa gare shi a nan. Gyaran shi ne "shi ya sa hanyoyi suka lalace", ko "abin da ya sa", ko a datse jimlar a fara sabuwa da "Saboda haka". A bakin masu jawabi a taro da masu hira a rediyo wannan wanda ta zama sandar dogarawa, har mutum ya yi minti biyar yana magana bai rufe jimla ɗaya ba, kuma ina ganin ta fi kowace ɗabi'a gajiyar da mai sauraro.

Mataki na bakwai shi ne yana da. Bature yana mallakar ciwon kai, ya mallaki taro, ya mallaki shekaru, ya mallaki rana mai kyau. Bahaushe yana kallon yawancin waɗannan a matsayin abubuwan da ke samun mutum ko suke kama shi. Zazzaɓi ne ke kama mutum, mura ta kama shi, barci ya ɗauke shi, kunya ta rufe shi, tsoro ya shige shi. Saboda haka "Ina da ciwon kai" sai ta koma "Kaina ke ciwo", "Muna da taro gobe" ta koma "Gobe za mu yi taro" ko "Akwai taro gobe", "Yana da shekaru goma" ta koma "Shekararsa goma". A wannan misali na ƙarshe akwai wani abin lura: Ingilishi yana tilasta jam'i bayan kowane adadi da ya wuce ɗaya, Hausa kuwa tana barin tilo, musamman a ma'auni da lokaci da kuɗi. Kwana uku, wata biyar, buhu ashirin, mudu huɗu, naira dubu, mutum goma. Babu mai sayen masara a kasuwar Sabon Gari da zai ce a auna masa mudaye huɗu. Jam'i bayan adadi ba kuskure ba ne a ko'ina, "yara uku" daidai ne, amma idan rubutu ya cika da "kwanaki uku" da "watanni biyar" da "buhuna ashirin", to a san daga inda iskar ta kaɗo. Kwatanci ma haka: aikatau fi shi ne ginshiƙinsa, "Audu ya fi Musa tsawo", ba "Audu yana da tsawo fiye da Musa" ba.

Duk matakan da suka gabata na cirewa ne. Na takwas na mayarwa ne, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, domin abin da babu shi a takarda ba ya kiran ido. Akwai kayan aikin da Hausa take da su waɗanda Ingilishi ba shi da kwatankwacinsu, don haka wanda ke tunani da Ingilishi ba zai taɓa miƙa hannu ya ɗauko su ba. Na farko su ne ƙananan kalmomin nan shida, dai da fa da kam da kuwa da ma da kuma, waɗanda ke nuna matsayin mai magana a kan abin da yake faɗa. "Ni zan je", "Ni dai zan je", "Ni kam zan je", "Ni ma zan je", "Ni fa zan je": magana biyar ce daban-daban. Shafi guda na Hausa da babu ko ɗaya daga cikinsu da wuya a ce da Hausa aka yi tunaninsa. Na biyu shi ne amsa-kama, wato kalmomin da ke fito da kamannin abu ko yanayin aiki ƙarara. Inda aka rubuta "fari sosai" da "baƙi sosai" da "ya cika sosai" da "ya tsaya nan take", Hausa tana da fari fat da baƙi ƙirin da cika maƙil da tsayawa cak. Kada a ɗauka waɗannan na tatsuniya ne kawai, suna da wuri a rubutu mai nauyi muddin ba a cika su ba.

Na uku shi ne sauye-sauyen aikatau, waɗanda masanin nan F. W. Parsons ya kasa su aji bakwai a 1960. Daga tushe guda ana samun saya da sayo da saye da sayar da sayu, kowanne da ma'anar da Ingilishi sai ya ƙara kalma ko biyu kafin ya faɗe ta. "Ya saya ya kawo nan" ita ce "ya sayo". "Ya ci duka" ita ce "ya cinye". "Ana iya gyara shi" ita ce "yana gyaruwa". Idan aikin ya faɗa wa abubuwa da yawa ko an yi shi sau da yawa, ana ninka gaɓar farko: kakkama, rarraba, tattara, yayyanka. Mai gyara ya bi aikatau ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya ga an jingina masa kalmomi don a nuna nan ko duka ko sau da yawa, ya gwada ko sauya siffar aikataun zai ɗauke nauyin. A wannan zagaye ne kuma za a rushe tarin sunaye irin na rahoton ofis, inda "an samu ƙaruwar farashin kayan abinci" za ta koma "abinci ya yi tsada", "gudanar da aikin binciken lamarin" ta koma "bincika lamarin".

Ga misali da ya tara yawancin abubuwan nan, irin sanarwar da akan liƙa a ƙofar masallaci ko a tura a WhatsApp: "Wannan shi ne don sanar da dukkan mambobi cewa wani taro zai kasance a ranar Asabar. Taron an kira shi ta hannun shugaba don tattaunawa a kan matsalar ruwa, wanda ya kasance yana damun unguwa don watanni uku. Ka zo tare da katinka, biro, da kuɗin wata. Mun gode don haɗin kanka." Bayan an bi matakan sai ta koma haka: "Ana sanar da 'yan ƙungiya duka za a yi taro ranar Asabar. Shugaba ne ya kira taron, don a tattauna matsalar ruwan nan da ta yi wata uku tana damun unguwa. A zo da kati da biro da kuɗin wata. Allah ya ba da ikon halarta." Babu bayanin da ya salwanta, kuma ta biyun ta fi gajarta.

A lura da yadda "ka zo" ta koma "a zo", domin wannan ya kai mu ga mataki na tara, wanda ya fi shafar baki da mu'amala. Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ta wanda ake magana da shi, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko taro, babba ne ko yaro. Mai fassara da gaggawa yakan mayar da ita ka a ko'ina, sai ya fitar da mata daga sanarwar asibiti ko ta makaranta, ya kuma yi wa dattijo magana kamar sa'ansa. Hausa tana da mafita a cikin "a" da "an" da "ku": "A wanke hannu kafin a shiga", "Ba a zubar da shara a nan", "An tashi lafiya?", "Ku shigo, Baba". Ɗalibi ba ya ce wa malaminsa "Ka iso lafiya?", cewa yake yi "Allah ya gafarta Malam, an iso lafiya?" Gaisuwa da ta'aziyya da bankwana su ma ba a fassara su, ɗauko na gida ake yi. "Ka samu dare mai kyau" ba ta kai "Sai da safe, Allah ya tashe mu lafiya" ba, kuma wanda aka yi wa rasuwa "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa" yake jiran ji. Haka a waya, "Zan dawo gare ka" ita ce "Zan neme ka", "Na rasa kiranka" ita ce "Ka kira ba na kusa". Akwai kuma amsar tambayar da aka yi da korewa. Idan uwa ta ce wa ɗanta "Ba ka ci abinci ba?", Bahaushe yakan ce "E, ban ci ba", wato yana gaskata maganarta. Tsarin Ingilishi akasin haka ne, kuma yanzu ana jin duka biyun a gari, don haka a wurin da kuskure ke da tsada, kamar gaban likita ko wajen ciniki, a cika jimlar kada a tsaya ga e ko a'a.

Kafin a rufe aikin akwai hattara biyu. Ta farko, ba duk abin da ya yi kama da Ingilishi ne aro ba. Harsunan biyu duka suna sa mai aiki a gaba, aikatau a tsakiya, wanda aka yi wa aiki a baya, wannan gado ne kowanne ya tashi da shi. Akwai kuma maganganun da suka yaɗu ta jarida da rediyo har suka zauna, irin su ɗaukar mataki da yaƙin neman zaɓe, waɗanda kowa ke fahimta, kuma yaƙi da su ɓata lokaci ne. Ta biyu ta shafe mu kai tsaye. Zazzaganci sananne ne wajen rashin rarrabe jinsi a wurare da yawa, inda za a ji "motan Audu" da "rigan Binta" maimakon "motar Audu" da "rigar Binta". Wasu sukan ɗora wannan a kan boko, alhali siffa ce ta karin harshen wannan yanki, ana kuma samun irinta a Bauchi, kuma tana bakin tsofaffin da ba su san Ingilishi ba. A rubutun da ake son ya bi daidaitacciyar Hausa sai a rubuta "motar Audu", amma idan ana kawo maganar Bazazzagi a labari ko hira, a bar masa karinsa yadda ya faɗa, kada a goge shi da sunan korar Ingilishi.

Mataki na ƙarshe na waɗanda aikinsu ya haɗa da fassara ne, malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan jarida da sakatarorin ƙungiyoyi, domin ta hannunsu yawancin waɗannan jimloli ke shigowa. Kada a fassara ana kallon takardar Ingilishi layi-layi, saboda muddin ido yana kanta hannu zai bi jerin kalmominta. A karanta sakin layi guda har a fahimce shi, a kife takardar, a faɗi abin da ya ƙunsa da baki kamar ana ba maƙwabci labari, sannan a rubuta abin da bakin ya faɗa. Wanda ya ga dama ya ɗauki muryarsa a waya ya kwafe daga nan. Bayan an gama sai a buɗe takardar a gwada su, a tabbatar sunaye da adadi da kwanan wata da sharuɗɗa duk sun shiga, a mayar da abin da ya zube ba tare da an taɓa ginin jimlolin ba. Daga nan a miƙa wa wani ya karanta da murya, mai rubutun yana saurare da biro a hannu, duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe ko ya koma baya ya sake ɗauko jimla, a sa alama a wurin a sake gina ta.